Da gaske an rage wa haske gudu, an kuma ƙera baƙin rami a ɗakin gwaji?

Shin gaskiya ne masana kimiyya sun rage wa haske gudu har mai babur zai iya wuce shi? Kuma shin da wannan dabarar ce suke ƙera baƙin rami, irin abin nan na sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuce masa, wanda wata rana zai ƙwace musu ya haɗiye duniya?

Wani ɗalibina ne ya fara kawo mini tambayar a aji a nan Garwa. Ya ce, "Malam, an turo wa babana wani saƙon murya cewa Turawa sun kama haske sun kulle, kuma suna haƙa ramin da zai cinye duniya. Ya ce in tambaye ka." Bayan 'yan kwanaki na sake jin maganar a majalisa bayan isha'i, an ƙara mata gishiri. Abin ya dame ni, domin akwai gaskiya mai ban sha'awa a cikin labarin, amma an cakuɗa ta da tsoron da ba shi da tushe, kuma tsoron ne ya fi yaɗuwa. Rage wa haske gudu ya tabbata. Baƙin ramin da ake yi a ɗakin gwaji kuwa kwaikwayo ne, ba ya jan ko ƙwayar gero.

Gudun haske da abin da ke rage shi

A sararin da babu komai a cikinsa, haske yana cin kilomita 299,792 a daƙiƙa ɗaya, a dunƙule kilomita 300,000. Daga rana zuwa nan yana ɗaukar minti 8 da daƙiƙa 20. Tafiyar Garwa zuwa Marwa, kilomita 200 da 'yan kai, ba ta ci masa ko kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wannan gudun shi ne iyakar da Einstein ya nuna a 1905 cewa babu wani abu ko saƙo da zai wuce ta, kuma har yau babu gwajin da ya karya wannan magana.

Amma da zarar haske ya shiga cikin wani abu, tafiyarsa tana raguwa. A ruwa yana yin kusan kilomita 225,000 a daƙiƙa, a gilashi kusan 200,000, a daimon kusan 124,000. Kowa ya taɓa ganin alamar haka: in ka tsoma sanda a randa mai ruwa garai-garai, sai ka ga kamar ta karye a daidai fuskar ruwan. Canjin gudu ne ke karkatar da hasken. Ibn al-Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira shekaru kusan dubu da suka wuce, ya riga ya faɗi cewa haske yana buƙatar lokaci kafin ya isa wuri, kuma yana raguwa a cikin abu mai kauri.

Dalilin raguwar shi ne, haske taguwa ce. In ta ratsa ƙwayoyin zarra sai ta girgiza su, su ma su fitar da tasu taguwar, biyun su haɗu su zama taguwa ɗaya mai ɗan jinkiri. Da hasken ya fito ɗaya gefen gilashin, nan take ya koma cikakken gudunsa. A riƙe wannan, domin kusan dukkan rikicewar daga nan take tasowa.

Yadda aka mayar da haske tafiyar babur

A 1999 wata masaniyar fizik 'yar ƙasar Denmak, Lene Hau, tare da abokan aikinta a Kambirij ta jihar Masacuset a Amurka, ta sanar da cewa sun rage gudun haske zuwa mita 17 a daƙiƙa. Wato kusan kilomita 61 a awa. Da wannan gudun, hasken da ya tashi daga Garwa bayan sallar asuba sai hantsi zai shiga Marwa.

Sun ɗauki ƙwayoyin zarra na sodiyam, sinadarin nan da ke cikin gishirin miya, suka sanyaya su har suka kusa taɓa ƙarshen sanyi, wato digiri 273.15 ƙasa da sifili. Tazarar da ta rage bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na digiri ba. A irin wannan sanyin ƙwayoyin suna daina kai-komo kowacce a gefenta, su zama kamar abu guda. Bose ɗan Indiya da Einstein ne suka hango wannan yanayi a shekarun 1920, amma sai 1995 aka iya samar da shi a ɗakin gwaji. Gajimaren ƙwayoyin da Hau ta yi aiki da shi bai kai milimita ɗaya ba.

A yadda yake, wannan gajimare ba ya barin hasken da aka zaɓa ya wuce, shanye shi yake yi. Hasken da aka zaɓa ɗin na leza ne, wato fitila mai fitar da siririn haske mai launi ɗaya, kuma dabarar ita ce a haska wa gajimaren wata leza ta biyu daga gefe. Ita ce ke buɗe wata siririyar ƙofa, sai hasken farko ya sami hanya, amma a matse ƙwarai. Yayin da yake ratsawa, mafi yawan abin da yake ɗauke da shi yana komawa jikin ƙwayoyin zarran, kaɗan ne ya rage a matsayin haske zalla. Abin da ke tafiya a hankali ɗin gamin gambiza ne na haske da zarra. Guntun hasken da tsawonsa ya kusa kilomita a waje sai ya takure ya shige cikin gajimaren da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

A 2001 Hau ta ƙara gaba, wata tawagar ma a Jami'ar Harbad ta yi makamancin haka da tururin wani sinadari mai suna rubidiyam. Lokacin da hasken yake tsakiyar gajimare, sai suka kashe lezar ta biyu. Tafiya ta tsaya cak. Da suka sake kunna ta, sai hasken ya fito da kamanninsa na farko. Nan ne aka samo maganar "an kama haske an kulle". Misalin da nake ba ɗalibai shi ne allo. Almajiri ya ji aya daga bakin malam ya rubuta, muryar malam ta wuce, amma ayar tana jikin allo, kuma duk lokacin da aka so ana iya karanta ta da murya. Haka siffar hasken take rubutuwa a jikin ƙwayoyin zarra, daga baya a karanto ta. A 2013 masana a Darmishtat ta Jamus sun riƙe irin wannan rubutu na tsawon minti guda a cikin wani ƙarau mai sanyi.

Shi baƙin ramin, mene ne?

'Yan lise sun san shi da sunansa na Faransanci, trou noir. Sunan yana ɓatar da mutane, don ba rami ba ne irin na gini ko rijiya. Wuri ne da nauyi mai yawa ya dunƙule a ƙaramin fili, har ƙarfin jansa ya hana komai fita, har da haske.

Don dutse ya tsere wa jan duniyarmu gaba ɗaya, sai an jefa shi da gudun kilomita 11.2 a daƙiƙa. In ka matse nauyin wuri guda, gudun da ake buƙata yana ƙaruwa. Karl Schwarzschild ya fitar da lissafin a 1916 daga ka'idar Einstein. Kafin rana ta zama baƙin rami, sai an matse ta faɗinta ya koma kilomita 6. Duniya kuwa, da duwatsunta da tekunanta, sai an matse ta ta koma girman ɗan magarya, ƙasa da santimita 2. Kewayen da in an ƙetare shi babu dawowa shi ne zan riƙa kira iyakar ba-dawowa.

Samuwarsu a sararin samaniya ta tabbata. A ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO a Amurka suka ji girgizar karon wasu guda biyu. A ranar 10 ga Afrilu 2019 aka fitar da hoton inuwar wanda ke tsakiyar gungun taurari na M87, mai nauyin rana sau biliyan 6.5. A 2022 aka fitar da na tsakiyar gungunmu, mai nauyin rana sau miliyan 4. Kuma ba sa zuƙe komai daga nesa yadda ake zato. Da a ce yau rana ta rikiɗe ta zama baƙin rami mai nauyinta, duniya za ta ci gaba da zagayenta yadda ta saba, sai dai duhu da sanyi.

Inda lissafin majalisa ya kuskure

Wani dattijo mai kaifin tunani ya ce mini, "To Malam, in haske ya koma mita 17 a daƙiƙa, alhali tsere wa duniya sai kilomita 11, ashe duniya ta riga ta kama shi ke nan." Tambaya ce mai kyau, kuma ita ce ainihin gadar da ta haɗa batutuwan biyu a kan mutane. Na ce masa, Baba, ƙarfin ja ba ya duba gudun haske a cikin gilashi ko gajimare. Abin da ya shiga lissafin baƙin rami shi ne wancan gudun na sarari fayau, kilomita 300,000, kuma shi babu wanda ya taɓa shi. Hasken Hau yana barin gajimare ya koma gudunsa ya yi tafiyarsa.

Kwalekwale a bakin magangara

To daga ina maganar ƙera rami ta fito? Daga ruwa ta fito, kuma wanda ya tashi a bakin Binuwai ko Logon zai fi saurin gane ta fiye da ɗan birnin da bai taɓa shiga jirgi ba.

A watan Satumba, lokacin da Binuwai ta cika ta batse, mai kwalekwale da ke son haurawa sama yana fafatawa da ruwa. Muddin tuƙinsa ya fi gudun ruwan, zai ci gaba, ko da a hankali. Yanzu ka kai shi saman magangarar Vina kusa da Ngaundere, inda ruwa ke ƙara sauri kafin ya zuba. Akwai wani layi da gudun ruwa ya yi daidai da iyakar ƙarfin tuƙinsa. A sama da layin zai iya komawa gida. A ƙasa da layin, komai ƙarfinsa, gaba ruwa zai tafi da shi. Babu alama a kan ruwan, babu bango, amma layin yana nan.

A 1981 William Unruh na Jami'ar Biritish Kolombiya a Kanada ya nuna cewa wannan ya wuce misali. In ruwa ko iska na gudu har suka wuce saurin sauti a cikinsu, lissafin da ke bayyana tafiyar sautin daidai yake da lissafin tafiyar haske kusa da baƙin rami. Sautin da ya ƙetare layin ba ya iya dawowa. Ya kira abin beben rami.

Haske ma ruwa mai gudu yana jansa kaɗan. Fizeau, Bafaranshe, ya auna haka a 1851 da ruwa mai bin bututu. Sai dai kafin ruwa ya fi ƙarfin haske sai ya yi gudun da babu famfon da zai iya ba shi. Da labarin mita 17 ya fito, sai Ulf Leonhardt da Paul Piwnicki suka rubuta a 2000 cewa ga dama ta samu: a juya gajimaren kamar guguwa da gudun da ya fi na hasken da ke cikinsa, sai ya kama shi. Wannan takarda ce asalin kanun labaran da har yau suke yawo. Ba ta daɗe ba Matt Visser ya yi mata gyara, ya ce juyawa kaɗai ba ta yin iyakar ba-dawowa, sai abin yana kwarara zuwa ciki. A 2003 kuma Unruh da Ralf Schützhold suka bincika suka ga haske mai jinkiri ba zai ba da abin da aka fi nema daga gwajin ba, wato ɗumin da zan yi bayaninsa nan gaba. Saboda haka hanyar da ta fi yin suna a bakin jama'a ba ita ce ta haifar da ɗa mai ido ba. Nasarorin sun zo ne ta ruwa, da sauti, da zaren gilashi.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi a tsakar gida. Ka ajiye tire a ƙasa, ka tsiyayo ruwa daga buta a tsakiyarsa. Za ka ga wani da'ira: a cikinta ruwan siriri ne yana gudu, a bakinta sai ya yi tudu. A cikin da'irar ruwa ya fi ƙananan taguwoyi sauri, don haka taguwar waje ba ta iya shiga. Wannan kishiyar baƙin rami ce, ana ce mata farin rami, komai na fita babu mai shiga. Masana a birnin Nis na Faransa sun auna haka a 2011 suka tabbatar.

Abin da ake nema a cikin wannan wahala

A 1974 Stephen Hawking ya lissafa cewa baƙin rami ba baƙi ƙirin ba ne. In aka haɗa ka'idar Einstein da dokokin ƙananan ƙwayoyi, iyakar ba-dawowa tana fitar da wani ɗan ɗumi, kuma a hankali ramin yana ramewa har ya ƙare. Matsalar ita ce ɗumin ya yi ƙanƙanta. Rami mai nauyin rana, zafinsa kusan kashi 60 cikin biliyan na digiri ne sama da ƙarshen sanyi, alhali sararin samaniya kansa yana da digiri 2.7 sama da ƙarshen sanyin. Kamar neman hasken ashana ne a tsakar ranar Afrilu a Marwa. Hawking ya rasu a 2018 ba a ga abin a sama ba.

Shi ya sa aka koma kwaikwayo. A 2008 tawagar Leonhardt a Sen Andurus ta Sikotilan ta yi iyakar ba-dawowa a cikin zaren gilashi. A 2011 Silke Weinfurtner da Unruh suka ga alamun lissafin Hawking a taguwoyin ruwa cikin wani kwararo mai tsawon 'yan mitoci a Bankuba ta Kanada. Jeff Steinhauer a Haifa ya yi amfani da gajimaren rubidiyam, inda sauti ke tafiyar da ba ta kai milimita ɗaya a daƙiƙa ba. Ya maimaita gwajin sau dubbai, a 2016 ya sanar da cewa ya ga tagwayen sautuka suna fitowa da kansu, ɗaya ya tsere ɗaya ya faɗa ciki, kamar yadda Hawking ya faɗa. A 2019 shi da abokansa suka ƙara da cewa zafin ma ya dace da lissafi.

Kama da wane ba ta wane

A nan masanan kansu suka rabu. Wasu na ganin cewa tun da abin ya bayyana a ruwa, ya bayyana a gajimare mai sanyi, ya bayyana a gilashi, abubuwa uku da ba su haɗa komai ba sai iyakar ba-dawowa, to alama ce mai ƙarfi cewa duk inda iyaka take ɗumin zai fito, har da sama. Wasu kuma suka ce gwajin ya nuna lissafin Hawking ba shi da kuskure ne kawai, bai nuna cewa sararin samaniya yana bin wannan lissafin ba. Leonhardt kansa ya soki yadda Steinhauer ya fassara sakamakonsa na 2016.

Ni na fi karkata ga ɓangare na biyu, ba tare da raina na farko ba. Akwai wani rauni a lissafin Hawking da ya daɗe yana damun masana: yana dogara da taguwoyi ƙanana ƙwarai, a matakin da ba a san dokokinsa ba. A ruwa kuwa an san inda lissafi ke karyewa, wato a matakin ƙwayoyin ruwan, kuma duk da haka alamun suka fito. Wannan riba ce ta gaske. Amma wanda ya ƙware da tuƙi a Binuwai bai zama ya san teku ba.

Na gasken fa, za a iya ƙera shi?

Tsoron haɗiye duniya ya fi yin ƙarfi game da CERN, cibiyar binciken da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, mai injin kara ƙwayoyi da juna a cikin zoben kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa. Kafin a kunna injin a 2008, wasu ka'idojin da ba a tabbatar ba sun ce karon ƙwayoyi zai iya haifar da ƙananan ramuka. An bincika batun, kuma hujjar da ta fi gamsar da ni mai sauƙi ce: ƙwayoyi daga sararin samaniya suna dukan iskar duniya, da wata, da rana, da ƙarfin da ya fi na injin nesa ba kusa ba, tun shekaru biliyoyi, kuma duk suna nan. Injin ya yi shekaru yana aiki, ba a ga rami ko ɗaya ba.

Akwai kuma tsohon tunanin tara haske mai tsananin yawa wuri ɗaya har nauyin ƙarfinsa ya zama rami. A kan takarda ka'idar Einstein ta yarda. Amma a 2024 masana daga Watalu ta Kanada da Madrid suka lissafa cewa tun kafin a kai can, hasken zai fara rikiɗewa zuwa ƙwayoyi su watse da ƙarfin.

Ga masu jin cewa wannan bincike gasa ce da Mahalicci, ni abin da na gani shi ne mutane suna auna dokokin da suka tarar, ba su ƙirƙiri ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ba su iya canza gudun haske a sarari da ko mita ɗaya ba.

Abin da ya shafe mu

Ta fuskar haɗari, babu. Gajimaren Hau da na Steinhauer suna watsewa da zarar an kashe na'urar da ke riƙe su.

Ta fuskar amfani, a yi haƙuri da zumuɗi. Saƙon muryar da ya tayar da hankalin baban ɗalibina, mai yiwuwa a matsayin haske ya yi wani ɓangare na tafiyarsa, cikin zaren gilashi irin wanda aka shimfiɗa tare da bututun man da ya tashi daga Doba a Cadi zuwa Kiribi. A mahaɗar irin waɗannan wayoyi, sau da yawa sai an mayar da haske lantarki kafin a jinkirta shi ko a karkatar da shi, kuma hakan na cin wuta. Iya tsayar da haske a sake shi yadda yake shi ne abin da masu gina sadarwar da ba a iya saurarenta a ɓoye suke nema, da masu ƙera kwamfutoci na sabon salo. Har yanzu aikin yana ɗakin gwaji, kuma ba zai rage wa kowa kuɗin data a bana ko baɗi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwararon nan na Bankuba. Gajimare mai sanyi yana buƙatar lezoji masu tsada da wutar da ba ta ƙiftawa, kuma mun san halin da muke ciki. Amma kwararon ruwa, da famfo, da tudun da aka sassaƙa a gindinsa, da kyamara mai kyau, ba su fi ƙarfin sashen fizik na jami'o'in Ngaundere, ko Marwa, ko Garwa, ko Njamena ba. Wahalar aikin tana cikin auna taguwoyin da ba su kai milimita ba da kuma lissafin da ke biye, kuma wannan horo yake buƙata fiye da kuɗi. A Fuwatiye ta Faransa akwai masu wannan bincike da ruwa, da harshen da ɗalibanmu suke karatu da shi.

Ɗalibin nan na ba shi aikin gida: ya ɗauki buta da tire, ya kira babansa, ya tsiyaya ruwa, sa'annan ya taɓa bakin tiren da yatsa su ga ko taguwar za ta iya shiga cikin da'irar. Washegari ya dawo ya ce sun gwada har sau biyar ba ta shiga ba, kuma baban ya ce a tambaye ni me ya sa da'irar ke faɗaɗa in an ƙara tsiyayar ruwan.